Kiɗan Jitar Da Na Bi Har Shinkafi

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Akwai jikokin da sai an tuna mini sunayensu, akwai shekarun da suka haɗe suka zama ɗaya a kaina. Amma ranar da na ɗora kunnena a kan garmahon maigidana a Shinkafi, wannan kam sai dai a rufe ni da ita, ba zan taɓa mantawa ba. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Ɗiyata ce ke zaune gabana tana rubuta abin da nake faɗi, kuma na gaya mata idan na yi kuka kada ta tsaya rarrashina, ta bar ni in share in ci gaba.

Ni 'yar Zurmi ce, aure ne ya kawo ni Kaura Namoda, a zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa har nan ya juya. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin tasha ne, shi ke bin taragu yana duba ƙafafunsu da ƙugiyoyinsu kafin jirgi ya tashi. A can ya yi abota da wani direban jirgi mutumin kudu. Da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki, sai ya bar wa Malam garmaho mai aiki da batir, da faya-fayai cikin wani akwatin katako. Daga baya Malam ya riƙa ba masu zuwa Legas sautu, akwatin ya yi ta nauyi.

A gidanmu na Zurmi na san kotso, na san kalangu da gurmi. Na san makaɗi ya buɗe baki ya yi wa mutum kirari, 'yan amshi su karɓa, a yi masa kyauta. Wannan kuwa ba baki, ba amshi, ba wanda ake yabo. Ranar farko da na ji shi, na kai wa Malam ruwa, na tsaya bakin ƙofa na jira, na jira, har na gaji.

Na ce, "Malam, wai yaushe za a fara waƙar?"

Ya yi dariya har ya ajiye kofin. Ya ce, "Ai an daɗe da farawa. Jitar ce ke yin ta."

Ya ce sunan kiɗan jaz, baƙaƙen fata ne na ƙetaren teku ke yin sa, waɗanda aka kwashi kakanninsu daga wannan ɓangaren namu. Ya ce in na kasa kunne da kyau zan ji gurmi a ɓoye cikinsa. Na ce ni ban ji komai ba sai mutum yana neman hanya ya rasa. Na ɗauki kofina na fita.

Ban taɓa shiga ɗakinsa na zauna don in saurara ba, ko sau ɗaya. Uwarsa tana da rai a lokacin, tana cikin gida, kuma ko ba ita, ina aka taɓa ganin mace ta zauna kusa da miji da rana tsaka tana gyaɗa kai? Abin da na yi shi ne, duk bayan la'asar sai in kwaso aikina, ko tsintar wake, ko ɓarar gyaɗa, in shimfiɗa tabarma a gindin tagarsa, wai don wurin ya fi inuwa. Shi kuma sai ya buɗe tagar, wai don zafi ya yi yawa. Ko da sanyi haka yake cewa. Bai taɓa tambayata ba, ban taɓa gaya masa ba, muka tsufa a haka.

Tunda ban iya karatu ba, da kwalinsu na san faya-fayan, don ni ke share ɗakin. Cikinsu duka akwai wani mai koren kwali, an zana kujera babu kowa a kanta. Mutum uku ne ke kiɗa a ciki. Akwai mai jita, wanda Malam ya ce da tsokar babban yatsa yake taɓa tsirkiya, shi ya sa sautin ba ya da kaifi. Akwai wata babbar aba mai tsirkiya masu kauri, tana tafiya a ƙasa kamar takun raƙumi. Sai mai ganga, wanda ba ya dukan gangar, shafa ta yake yi, sai ka ce ana sharar tsakar gida da tsintsiya mai laushi. Malam yana sa shi ne idan ruwan sama ya ɗauke, indararo na ɗiga.

Lokacin da ƙyanda ta ɗauke mana ɗanmu na biyu, Malam bai ce mini komai ba ban da haƙurin da kowa ya ba ni. Haka maza suke, haka aka koya musu. Amma da masu gaisuwa suka watse, gida ya koma shiru, wata la'asar ina zaune a gindin tagar hannuna babu aikin komai, sai na ji an buɗe ta a hankali, koren ya fara. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da yaron. Da faifan ya ƙare ya juya ɗaya gefen, da wannan ya ƙare ya sake dawowa farko, har aka kira magariba.

Malam ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ina cikin takaba aka zo rabon gado. Ina bayan labule, malamai da 'ya'yana maza da ƙanensa, Alhaji na Shinkafi, suna tsakar gida. Aka raba gida, aka raba gona, aka zo kan garmahon da akwatin faya-fayansa. Na ji malamin da ke rabo ya yi gyaran murya ya ce wannan dai kayan wasa ne, magada su san yadda za su yi da shi.

Babban ɗana ya matso kusa da labule ya ce, "Inna, kina son shi?"

Gida cike da mutane, mijina ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, in buɗe baki in ce a ba ni kiɗa? Na ce, "Mi zan yi da shi?"

A yadda muka tashi, idan an yi wa babba tayi ya ce a'a, ana sake yi masa, ana matsa masa, har ya karɓa kamar dole aka yi masa. Na zauna ina jiran a sake tambayata. Yaron nan ɗan zamani ne, abin da kunnensa ya ji shi ya ɗauka. Sai na ji Alhaji ya ce shi zai tafi da shi ya adana, kada yara su farfasa. Ina ji aka ɗaga akwatin, ina ji aka rufe bayan mota.

Shekaru suka wuce. La'asar ita ce lokacin da ya fi yi mini tsawo. Sai kuma kunnena na hagu ya fara kuka kamar gyare, ya yi ta yi, rannan ya yi shiru ɗif. Ba a daɗe ba na dama ya fara kawo mini magana kamar daga cikin rijiya. Aka kai ni Gusau, likita ya leƙa, ya gwada, ya gaya wa ɗiyata cewa shekaru ne, wanda ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma yana bin sawunsa. Ya ɗauka ban ji ba. Na ji.

A mota muna dawowa na yi ta lissafa abin da zan rasa. Kiran salla. Muryar jikoki. Kukan tattabarun maƙwabta. Duk waɗannan ina jin su kullum, zan iya cika kunnena da su kafin ya rufe. Abu ɗaya ne ba ya kusa da ni. Idan kunnen nan ya rufe ban sake jin koren faifan ba, to na rabu da shi ke nan har abada, kuma a lokacin na riga na fara rasa yadda farkonsa yake.

Na gaya wa ɗiyata, ita ta gaya wa yayanta. Ya zo da wayarsa cike da murna, ya ce ai yanzu babu kiɗan da babu a ciki. Ya zauna ya yi ta sa mini masu jita kala-kala, yana manna mini wayar a kunne. Wasu suna da daɗi, amma ba shi ba ne. Ya ce mene ne sunansa? Na ce kore ne, da kujera. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

Ya kira Alhaji. Alhaji ya ce akwatin yana nan, tun ranar da ya kawo shi bai buɗe ba. Amma ba zai ba direban kasuwa shi ba, a ɗora masa buhunan albasa a bi da shi ramukan hanyar nan, ya iso ya zama gari. Shi kuma ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi. Ya ce a bari hanya ta lafa, sai wani cikin yara ya kawo da hannunsa. Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka hana kowa sakat, daga Kaura zuwa Shinkafi ba ka shiga mota sai ka yafe wa kowa, kowa ya yafe maka.

Ɗana ya ce, "Kin ji ko, Inna? Mu jira hanya ta lafa."

Na ce, "Kai ka yi magana da hanya ta ce maka ga ranar da za ta lafa?"

"Inna, don Allah. In wani abu ya same ki, mi zan ce wa mutane? In ce na bar uwata ta shiga daji don kiɗan Turawa?"

"Ba na Turawa ba ne, na ubanka ne."

Ya kawar da kai. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Na ce, "Kalle ni da kyau. Yanzu haka bakinka nike kallo kafin in gane abin da kake faɗi. Bara ba haka nike ba. Baɗi ko ka yi ihu ba zan ji ba. Ban taɓa roƙon ka komai ba tun da anka haife ka. Ina son in ji abin nan sau ɗaya, in kuma kwanana ya ƙare a hanya, to dama can nan anka rubuta."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ashe ranar rabon gadon nan kina so?"

Na ce, "Tashi ka nemo mana mota."

Muka bi ayarin ranar kasuwa, lokacin da motoci ke haɗuwa su tafi tare. Ɗiyata ta ce ƙafarta ƙafata. Daga Kaura mutane suna ta hira, ana cinikin awaki da baki, wata mata tana faɗa da kwandasta a kan kajinta. Da muka wuce Moriki sai na ga bakuna sun daina motsi. Ni da ba na ji sosai, a fuskoki na ga shirun. Kowa ya zuba wa daji ido. Na ga gonakin da na sani cike da gero da dawa sun koma ciyawa, na ga ƙauyuka babu hayaƙi, babu ko kaza. Wani dattijo Bafulatani da ke kusa da ni yana ta jan carbi, ya leƙo ya tambaye ni da ƙarfi ko jinya za ni ko gaisuwar mutuwa. Na ce, "Duka biyu." Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya jiƙan musulmi. Allah ya tsare, muka shiga Shinkafi lafiya.

Alhaji yana zaune a zaure, an ɗora masa ƙafafu a kan matashi. Tun ina amarya yake tsokanata, kamar yadda ƙanen miji ke yi, kuma furfura ba ta hana shi ba. Yana ganina ya tafa hannu.

"A'a! Matar Yaya! Ashe da gaske ne! Tsohuwa ta ratsa daji don kiɗa. Da wa'azi anka kira ki da kin ce gwiwa na ciwo."

Na ce, "Mi ka ce?"

Ya cika ƙirji ya maimaita da ihu, har maƙwabta suka leƙo.

Na ce, "Na ji ka tun farko, so nike ka wahala."

Ya ce, "Kin gani? Da kin yarda kin aure ni bayan takaba, da akwatin yana ɗakinki tuntuni."

"Da dai akwatin na aura, ya fi ka daɗin murya."

Matarsa ta fito tana dariya ta rungume ni, ta ce, "Yaya, rabu da shi, tun jiya ya hana kowa zama. Har sabon batir ya aika anka sayo miki daga kanti." Ta kawo fura, na kurɓa don kada ta ji ba daɗi.

Bayan mun yi la'asar, ita da ɗiyata suka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, ƙanshin ɗakin Malam ya taso, na tsohuwar takarda da turaren da yake sa wa hularsa. Zafin shekaru ya lanƙwasa faya-fayan gefe-gefe, wasu sun yi baki kamar kasko. Na sa hannu ina rabawa, har na kai tsakiya. Yana nan, kore, da kujerarsa. Na zaro shi na ɗora a tafin hannu, bai lanƙwashe ba.

Garmahon ya ƙi juyawa da farko, sai da aka ɗiga masa man keken ɗinki. Alhaji ya jera sababbin batir a ciki, ya hure allura, ya ɗora ta da bisimilla. Na matso da kunnen dama.

Na ji kiɗa. Amma ba shi ba ne. Wani abu ne siriri mai rawar kai, yana sauri kamar yarinyar da aka aika ta tsaya wasa. Takun raƙumin ya koma na akuya. Mai tsintsiyar nan kamar an ce ya gama ya ba da wuri. Na ce ko an yi kuskure an sa wani? Ɗiyata ta nuna mini kwalin, ta ce da hannuna na ba su. Na ce a juya ɗaya gefen. Aka juya, duk ɗaya.

Na ce a raina kunnen ne. Ya riga ya lalace, yana karɓar abu ya murɗe shi kafin ya kai mini. Na ratsa dajin nan, na tayar wa ɗana hankali, na jefa ɗiyata cikin haɗari, ashe na makara. Na ja baya na jingina, na ce, "Ku kashe shi. Na zo a makare." Kuka ya ƙwace mini a gaban ƙanen mijina, abin da ban taɓa yi ba.

Alhaji bai kashe ba. Ya karkata kai, ya haɗe gira, yana saurare. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, matar Yaya. Ni kunnena garas yake, kuma ni ma ban gane shi ba. Na sha kwana gidanku, na san wanga faifan. Wanga kamar ana korar shi da sanda."

Ya duba allura, ya duba maɓallin gefe, duk suna inda ya kamata. Sai idonsa ya faɗa kan kwalin sababbin batir ɗin da ke kan tabarma. Ya kalle shi, ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa tana bubbuga masa baya.

Da ya samu numfashi ya ce da ƙarfi, "Ke, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin Yaya ya sayi sabon batir?"

Sai abin ya dawo mini kamar an ɗaga labule. Malam bai taɓa saye ba. Na tocilan masu gadin tasha yake karɓowa idan sun yi sanyi za a zubar. Ya jera su a kan kwanon madafa su sha rana, ya ɗan bubbuge su da dutse, ya ce ai da sauran rai a jikinsu, zubar da su almubazzaranci ne. Ni da kaina nake kwashe su tare da shanya idan hadari ya taso. Ban taɓa kawo wa raina cewa suna da alaƙa da yadda kiɗan ke fita ba. Ashe duk tsawon zamanmu garmahon Malam bai taɓa ƙoshi ba, a gajiye yake juyawa, kuma a gajiyen na san shi.

Alhaji ya ce a kawo tocilan matarsa da tsohuwar rediyonsa. Aka zazzage su. Da aka sa tsofaffi zalla, faifan ya yi wani gurnani kamar bijimin da aka kayar, har ni sai da na yi dariya da hawaye a fuska. Ya cire ɗaya ya sa sabo. Ya yi sauri kaɗan. Ya sake canzawa, yana gaurayawa kamar mai haɗa magani, kowane karo ya dube ni ya ce, "Nan fa?" In girgiza kai. Matarsa ta ce, "Yau ga likitan batir." Ya ce, "Ke dai riƙe mini wanga, kada ki haɗa shi da masu rai."

A wani karon, allura tana sauka, kafin ya tambaya na ɗaga masa hannu.

Na durƙusa na ɗora kunnena a jikin garmahon, kumatuna yana jin rawar katakon. Ga shi nan. Jitar ta shigo a hankali, da nauyinta, kamar mutumin da ya dawo daga aiki ya tsaya bakin ƙofa yana kakkaɓe takalmi. Takun nan na ƙasa ya biyo ta. Tsintsiya ta fara sharar tsakar gida. Akwai wani wuri da mai jitar ke hawa sama, ya tsaya kamar zai faɗi wata magana, sai ya fasa, ya sauko. Na manta da wurin nan sam, amma da ya zo na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Na ji sanyin bangon nan a bayana, na ji nauyin tiren wake a cinyata, na ji mutum a bayan bango yana numfashi, ya san ina nan.

Ban san na yi magana ba, ɗiyata ce ta gaya mini daga baya. Wai cewa na yi, "Malam, ina ji."

Da faifan ya ƙare babu wanda ya motsa. Alhaji ya juya fuska bango yana gyara hular da ba ta karkace ba. Can ya ce, "Marowacin banza. Ko a kiɗa sai da ya yi tsimi." Ya share ido da hannun riga ya juya faifan.

Na yi niyyar kwana biyu, na ƙare da zama har aka yi girbi. Kowace la'asar sai a fito da akwatin, mu bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyata ta karanta mini sunayensu, bakina ya kasa riƙe ko ɗaya, don haka ba zan iya ba ku suna ba. Amma duk mai neman kiɗan jita na jaz, ga abin da tsohuwa ta sani. Ya nemi irin wanda aka ɗauka a cikin taro, inda ake jin ƙarar kofuna da tafi. Namu mai farin kwali ne, ɓera ya ci gefensa, kuma a tsakiyarsa akwai wata mata da ke yin dariya daga nesa. Shekara da shekaru ina son in san abin da aka gaya mata. Irin wannan na ranar da gida ya yi maka faɗi ne, yana cika ɗaki da mutane. Akwai kuma wanda jita biyu ce kawai, babu ganga, ɗaya ta faɗa ɗaya ta amsa, wani lokaci su katse juna kamar tsofaffin aminai a bakin kasuwa. Alhaji ya ce wannan ni da shi ne, na ce a'a, waɗannan suna sauraren juna. Mai jan kwali, wanda jita ke tsere da wani abu mai gurnani irin na coci, ya lanƙwashe ba ya saurarwa, na kuwa yi baƙin ciki, don shi Malam ke sawa ranar suna, kuma ko daka kike yi sai taɓarya ta bi shi. In mutum ya samu irinsa kada ya bari. Amma in zuciya ce ta yi nauyi, a nemi mai mutum uku, jita da babbar tsirkiya da ganga mai shafa, a zauna, kada a yi komai da hannu in an iya.

Wata rana ɗiyata ta ce, "Inna, kin san fa mai saurin nan shi ne na gaskiya. Haka masu shi sunka yi shi."

Na ce, "Na yarda. Wancan nasu ne. Wanga nawa ne."

Da zan dawo, na bar akwatin a Shinkafi. Na lura Alhaji ya fi ni ɗokin la'asar, shi da ya kasa ko buɗe shi tun rasuwar ɗan'uwansa, kuma shi yana da kunnen da zai ci gaba da ji. Ni kuwa a kwanakin ƙarshe sai na danna kumatu sosai kafin in kama jitar, babbar tsirkiyar kawai ke iso mini ta ƙashi.

Kafin wata damina ta zagayo, kunnen dama ya bi ɗan'uwansa. Yanzu sai an taɓa gwiwata nake sanin ana yi mini magana. Kiran salla a inuwa nake gane shi. Ina kewar Malam, ba zan ɓoye ba, na gaji da ɓoyewa, kullum ina kewarsa kamar jiya aka fita da shi. Amma shirun da nake ciki ba fanko ba ne. Koren faifan yana ciki tun daga farkonsa har ƙarshe, babu inda ya ɓace, kuma a hankali yake juyawa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, abin da mutum ke so ya tashi ya je masa tun yana da abin da zai karɓe shi da shi, don ido da kunne da ƙafa duk aro ne, mai su ba ya sallama kafin ya karɓa. Ta kuma koya mini cewa ba abu kawai muke kewa ba, yadda hannun wani ya miƙo mana shi muke kewa, har da gajiyarsa da tsiminsa. Da an ba ni wancan kiɗan sabo fil, daidai yadda masu shi suka yi shi, da na dawo Kaura hannu wofi. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa in tarar da shi inda babu bango tsakaninmu.